Darasi na 14: Nogal, Bishiyar Tuddan Andes, da Yadda Ake Renonta

A gefen yamma na Kudancin Amurka akwai jerin duwatsu da ake kira Andes. Sun taso tun daga Benezuwela, suka ratsa Kolombiya da Ekwado da Peru da Bolibiya, suka bi iyakar Cile da Ajantina har ƙarshen nahiyar, tafiyar kusan kilomita 7,000. A arewacin wannan jeri, inda ƙasa ta ɗara teku tsawo da mita 1,000 zuwa wajen 3,000, akwai wata bishiya da mutanen wurin suke kira nogal. A Ekwado ana ce wa 'ya'yanta tokte. Masana tsirrai kuwa sun san ta da sunan Juglans neotropica, wanda wani Bajamushe, Ludwig Diels, ya raɗa mata a 1906.

Babbar bishiya ce. In ta sami ƙasa mai kyau takan kai mita 25 zuwa 30, jikinta miƙaƙƙe, ɓawonta toka-toka mai duhu, duk ya tsattsage. Ganyenta kara guda ne da ƙananan ganyaye a jere dama da hagu, in ka murza shi a hannu sai wani ƙamshi mai ƙarfi ya tashi. Ɗanta kewayayye ne, kaurinsa santimita 4 zuwa 6, kuma hawa uku gare shi: ɓawo kore mai tsoka a waje, ƙwallo mai tauri da kwari-kwari a tsakiya, sannan can ciki ƙwaya mai maiƙo wadda ake ci.

Gara a faɗa tun yanzu, kada wani ya ɓata kuɗinsa: nogal ba bishiyar Kano ko Maraɗi ba ce. Inda take yabanya, zafin shekara yakan tsaya tsakanin digiri 12 da 22, ruwan sama kuma yakan kai milimita 1,000 ko fiye. Bogota, babban birnin Kolombiya, yana kan tudun da ya kai mita 2,600, Kano kuwa ba ta cika mita 500 ba. Haka kuma kada a haɗa ta da ƙwallon nan da ake dafawa ana talla a kudancin Najeriya, wanda Yarbawa ke kira asala, Igbo ke kira ukpa. Wannan tsiro ne mai yaɗo, ba danginta ba ne. 'Yar'uwarta ta jini ita ce wadda aka fi sani a kasuwannin duniya, mai asali daga Iran da tsakiyar Asiya, da ake nomawa a Sin da Amurka da Cile. Waccan sai ta sha sanyin hunturu kafin ta yi 'ya'ya sosai. Nogal ta Andes ba ta buƙatar haka, domin kusa da tsakiyar duniya ta tashi, inda babu hunturu irin na Turai.

Yadda ta yi ƙaranci

A da, nogal cike take a kwaruruka da gangaren Andes. Kabilar Muisca, waɗanda suke zaune a tudun Bogota tun kafin zuwan Sifaniyawa, suna girmama ta ƙwarai. Har yau akwai unguwa a Bogota mai suna El Nogal, kuma a 2002 majalisar birnin ta ayyana ta a matsayin bishiyar da ke wakiltar garin.

Kyawun katakonta ne ya jawo mata. Launinsa ruwan ƙasa ne mai duhu, yana karɓar sassaƙa, yana sheƙi in an goge. Masu saran katako suka bi ta daji-daji. A ɗaya gefen kuma, ƙasar da take so, mai zurfi da albarka, ita ce manomi yake so don masara da dankalin Turawa da kiwon shanu, sai aka yi ta share kurmi. Kolombiya ta hana saranta a daji tun 1974. A 1998 ƙungiyar IUCN, mai lissafin halittun da ke cikin haɗari a duniya, ta sa ta cikin jerin waɗanda ake tsoron ƙarewarsu.

Akwai wata ɓarna da ba a cika lura da ita ba, kuma ita ce ta fi shafar mai shuka. Mai gatari ba ya zaɓar karkatacciya ko mai reshe biyu. Miƙaƙƙiya mai kauri yake kayarwa. Shekara da shekaru ana haka, sai ya zamana abin da ya rage a gefen hanya da bayan gida yawanci su ne waɗanda aka raina. Wanda ya tsinci iri a ƙarƙashin kowace bishiya ya gani, ba tare da ya ɗaga kai ya dubi uwar ba, yana iya shekara talatin yana renon abin da masu katako suka ƙi.

Zaɓen iri da farkar da shi

Don haka aikin yana farawa ne daga uwa. A nemi bishiya lafiyayya, baliga, mai jiki guda miƙaƙƙe, wadda rassanta suka fara daga can sama. Kada a tsaya kan guda ɗaya. A tara iri daga bishiyoyi goma ko fiye, masu tazara da juna, saboda gonar da duk 'ya'yan uwa ɗaya ne, cuta ɗaya tana iya kwashe ta.

Ba a kakkaɓo ɗanye. Ana jira ɗan ya nuna, ɓawonsa ya juya daga kore zuwa rawaya-rawaya, ya faɗo da kansa. A riƙa zagayawa akai-akai, domin kurege da ɓera su ma suna jira. In an tara, sai a jibge a inuwa a yayyafa ruwa, bayan 'yan kwanaki ɓawon zai yi baƙi ya yi laushi, a murje shi a wanke ƙwallon tas. Mai wannan aiki ya sa safar hannu. Ruwan ɓawon yana rina fata kamar lalle, ya ɗauki makonni bai fita ba. Kuma kamar ta gaskiya ce: sinadarin da ke cikin nogal, wanda ake kira juglon, da wanda ke sa lalle ya kama, 'yan gida ɗaya ne, abubuwan da suka haɗa su iri ɗaya ne, tsarin zamansu ne ya ɗan bambanta. Ku riƙe sunan juglon, za mu sake haɗuwa da shi a gona.

Da an wanke, a zuba ƙwallayen cikin bokitin ruwa. Waɗanda suka taso sama yawanci holoƙo ne ko tsutsa ta cinye, a zubar. Waɗanda suka nutse su ne iri. Kada a ajiye su har su shekara. Ƙwaya mai maiƙo ba ta jure dogon ajiya, tana bushewa ko ta yi ɗaci, ranta ya fita. Gwargwadon saurin shukawa, gwargwadon yawan tsirowa.

A nan ne sabon shiga yakan karaya. Ƙwallon nogal yana da kauri, ruwa ba ya ratsa shi da sauri, ƙwayar kuma tana cikin wani irin barci. Yakan yi wata ɗaya zuwa uku kafin ya tsiro, kuma ba rana ɗaya suke fitowa ba, wani yau, wani bayan mako huɗu. Mutane da yawa sukan tone kwamin bayan wata guda su ce iri ya mutu, alhali yana gab da fashewa.

Masu reno a Andes suna da dabarun rage jiran. Mafi sauƙi ita ce jiƙawa: a bar ƙwallayen cikin ruwa kwana biyu zuwa huɗu, ana sauya ruwan kullum. Wasu kuma, bayan jiƙon, sukan shanya su a rana na 'yan sa'o'i. Ƙwallon yana da ɗinki, wato layin da ɓari biyu suka haɗu, kuma sauyin daga laima zuwa zafi yakan sa ɗinkin ya ɗan buɗe baki. Da ya buɗe sai a kwashe a shuka nan take, kada a bari rana ta dafa ƙwayar. Akwai masu bugawa da guduma don ya tsage. Ban ba da wannan shawara ba, domin bugu ɗaya da ya wuce kima ya isa ya kashe abin da ke ciki, kuma ba za ka sani ba sai bayan wata biyu.

Ana kwantar da ƙwallon a gefensa, ɗinkin yana tsaye, a rufe da ƙasa kaurin yatsa biyu ko uku. Ta wajen tsininsa saiwa take fitowa, kuma kwanciyar gefe tana ba ta damar nutsawa ƙasa kai tsaye, tsiron ya yi sama ba tare da ya naɗe ba. Ƙasar ta kasance haɗin baƙar ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki. A riƙa ba da ruwa yadda za ta yi danshi, ba ta jiƙe sharkaf ba. A rufe da ragar waya saboda ɓera.

Uwar saiwa

Abin da ya kamata ɗalibi ya fita da shi daga wannan darasi, ko da ya manta sauran, shi ne wannan. Kafin nogal ta nuna ganye ɗaya a sama, ta riga ta tura saiwa guda mai kauri can ƙasa. Wannan ita ce uwar saiwa. Ita ke nemo ruwa lokacin rani, ita ke riƙe bishiyar a kan gangare lokacin iska. Abin da ya sami uwar saiwa a watanni shida na farko yakan bi bishiyar har tsufanta.

Ga yadda ake ɓata ta. A shuka ƙwallon a 'yar gajeruwar leda. Saiwa ta sauka, ta tarar da gindin leda, ta rasa hanya, ta lanƙwashe ta fara kewaya. A sama tsiron kore shar, mai saye ya gani ya yi murna. Bayan an dasa, saiwar ba ta miƙewa, haka za ta ci gaba da kauri a naɗe, tana shaƙe kanta. Shekara uku, huɗu, bishiya ta tsaya ba ta gaba, ko iska ta tuge ta, mai gona ya ɗora laifin kan ƙasa. Wata hanyar ɓarnar kuma ita ce saiwa ta huda leda ta shiga ƙasan wurin reno, ranar ɗauka a fizge ta ta tsinke.

Maganin ba shi da tsada. A yi amfani da doguwar leda, zurfinta santimita 30 ko fiye. A jera ledojin kan raga ko katako da aka ɗaga daga ƙasa, ta yadda in bakin saiwa ya leƙo ya haɗu da iska zai tsaya da kansa, ya fitar da ƙananan saiwoyi a ciki. Sannan kada dashe ya daɗe a leda. Da ya kai tsawon santimita 30 zuwa 40, wato watanni kaɗan bayan tsirowa, lokacin tafiya gona ya yi. Wanda zai saya a wurin masu reno, ya roƙi a yaga masa leda ɗaya ya ga saiwar da idonsa. Dogon dashe a ƙaramar leda abin gudu ne.

Akwai hanyar da ta fi duk wannan, in mutum zai iya tsaron gonarsa: a shuka ƙwallon kai tsaye a inda bishiyar za ta zauna, biyu ko uku a rami, daga baya a bar mafi ƙarfi. Saiwa ba ta taɓa ganin leda ba, ba wanda ya taɓa ta. Wahalarta ita ce ɓera da ciyawa da dabbobi.

Wuri da maƙwabta

Nogal tana son ƙasa mai zurfi, mai laushi, mai taki, wadda ruwa ke wucewa. Ba ta yi a kan fa, ba ta yi a inda ruwa ke kwanciya. A irin wannan wuri saiwarta ruɓewa take yi. Ƙasan gangare da gefen rafi, inda ambaliya ba ta kaiwa, sun fi dacewa da ita. A tuddai masu tsawo sosai akwai daren da raɓa ke daskarewa, kuma wannan yana ƙona sabon toho, don haka a guji kwarin da sanyi ke taruwa a ciki.

Ana dasawa a farkon damina. A tuddan Ekwado ruwa yakan kama daga wajen Oktoba zuwa Mayu, Bogota kuwa damina biyu gare ta, ɗaya wajen Afrilu da Mayu, ɗaya wajen Oktoba da Nuwamba. Rami ya kai santimita 40 a faɗi da zurfi, a cakuɗa ƙasar sama da taki a mayar, a yanke ledar a cire ta gaba ɗaya ba tare da ƙasar ta warware ba, a daidaita wuyan dashen da bakin ƙasa.

Tazara ta danganta da abin da ake nema. Mai son katako yakan matse su, mita 3 zuwa 5, don su yi rige-rigen neman rana su miƙe, daga baya ya riƙa rage raunana. Mai son 'ya'ya yakan ba su mita 10 ko fiye don su buɗe rassa. Ƙananan manoma sun fi jera ta a kan iyakar gona, ko su warwatsa ta a makiyaya, ko ta zama inuwar gahawa, kamar yadda ake yi a wasu sassan Kolombiya da Peru. Ko yaya aka tsara, kada a shuka tilo. Furen namiji da na mace duk suna kan bishiya ɗaya, iska ce ke kai garin fure, amma sau da yawa ba sa nuna lokaci guda, don haka bishiyar da take da 'yan'uwa kusa ta fi cika da 'ya'ya.

Yanzu ga juglon ya dawo. Yana cikin saiwa da ganye da ɓawo, yana tsatsa cikin ƙasa, kuma wasu tsirrai ba sa jure shi. An fi nazarin wannan a jikin 'yar'uwarta baƙa ta Arewacin Amurka, inda aka ga tumatir da dankalin Turawa da barkono suna yaushi a kusa da ita, masara da wake da albasa da yawancin ciyayi kuwa ba su cika damuwa ba. Ga manomin Andes wannan ba ƙaramar magana ba ce, tun da dankalin Turawa shi ne abincinsa na yau da kullum. Hankali shi ne a nisanta kunyar dankali da tumatir daga ƙarƙashinta, kuma kada a zuba ɗanyen ɓawo ko ganyenta a lambu sai sun ruɓe sarai.

Shekarun farko

A shekara biyu ko uku na farko, ciyawa ce babbar abokiyar gaba. A share kewayen gindi faɗin mita ɗaya, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa don riƙe laima, amma kada ta taɓa jikin dashen. A yi shinge, domin saniya ko tunkiya ɗaya ta isa ta cinye kan tsiro cikin ƙiftawar ido. In rani ya yi tsawo, a ba da ruwa mai yawa jefi-jefi. Ya fi ɗan yayyafi kullum, saboda ruwan da ya nutsa shi ke jan saiwa ƙasa.

Kamar yadda ƙasa take da uwar saiwa, sama ma tana da jagora guda, wato tohon da ke can ƙoli. Darajar katako a kansa take. In ya mutu, rassa biyu ko uku za su taso su yi takara, bishiya ta rabu tun daga ƙasa, gungumen da zai yi mita shida ya koma mita ɗaya da rabi. A kudancin Ekwado akwai wata 'yar malam-buɗe-littafi ta dare, Gretchena garai, wadda tsutsarta ke huda sabon toho ta cinye cikinsa, kuma ta fi ɓarna inda aka shuka nogal zalla a fili guda. Wannan yana cikin dalilan da suka sa cakuɗa ta da wasu itatuwa ya fi. Mai gona ya riƙa zagayawa. In ya ga toho ya yi baƙi ya sunkuya, ya yanke shi ƙasa da wurin hudar ya ƙone. In rassa biyu suka taso, ya zaɓi mafi miƙewa ya cire ɗayan tun bai fi kaurin yatsa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a nan maganar a zahirinta take.

Rassan ƙasa ana rage su sannu a hankali, shekara bayan shekara, da wuƙa ko zarto mai kaifi, dab da jiki amma ba a yanki ɗan kumburin da ke gindin reshe ba, domin daga nan rauni ke warkewa. Kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na ganye a lokaci guda. Kuma in aka ga ta zubar da ganye na ɗan lokaci a shekara, ba mutuwa ta yi ba, ɗabi'arta ce.

Abin da take biya

Katako sai an yi shekara 25 zuwa 30, wani lokaci fiye. Wannan ne ya sa mutane suke sara ba sa shukawa. Amma wanda ya ce sai ranar sara nogal take biya bai yi lissafi daidai ba. Daga wajen shekara 8 zuwa 10 takan fara 'ya'ya, kuma daga nan kowace shekara akwai abin tsinta.

A garin Ibarra na arewacin Ekwado ana yin wata alewa mai suna nogada, da sukari ko mazarƙwaila da ƙwayar tokte, ana sayarwa cikin ƙananan akwatunan katako, har ta zama tsarabar garin. Fasa ƙwallon aiki ne: sai da dutse ko guduma, sannan a zaƙulo ƙwayar daga lungunanta da tsinke. Ɓawo da ganye kuma na marina ne. Masaƙan Otavalo, da masu saƙa mayafin da ake kira makana a Gualaceo kusa da Cuenca, da masaƙan yankin Cusco a Peru, suna dafa su su rina zare launin ƙasa, daga mai haske zuwa mai duhu, kuma rinin yana kama gashin tumaki ko ba a sa abin kama launi ba. Ana dafa ganyen a sha ko a wanke rauni a maganin gargajiya.

In ranar sara ta zo, sauran haƙuri ɗaya. Katakon nogal yana da wuyar bushewa; in an yanka shi da kauri, ko aka gaggauta shi, yakan lotsa ko ya murɗe. Ana tsaga shi sirara, a jera a inuwa da 'yan sanduna a tsakani, a ba shi watanni. Daga nan yake zuwa hannun kafintoci da masu yin gita, da masassaƙan San Antonio de Ibarra, ƙauyen da ya yi suna wajen sassaƙa, inda nogal take cikin itatuwan da aka fi daraja.

Aiki

Ku tattauna a aji: me ya sa dashen da ya yi kyau a leda yake iya lalacewa bayan shekara uku a gona?

Manomi yana da iyakar gona mai tsawon mita 120, yana son jera nogal da tazarar mita 10, ɗaya a kowane ƙarshe. Dashe nawa yake buƙata?

Kowa ya zaɓi wata bishiya ta yankinsa mai iri mai tauri. Ya tambayi wani dattijo ko mai renon dashe yadda ake sa irin ya tsiro da wuri, ya rubuta amsar cikin jimla biyar, ya kawo mako mai zuwa.